Umar Hashim INFJ ne ko ISTJ? Ku zo mu auna halin mutanen cikin shirye-shiryenmu

Ummi_KofarSauri
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Na zo da magana a kan gwajin halin nan mai haruffa huɗu da ake kira MBTI, wanda ya cika wayoyin 'yan makaranta yanzu. Ga wanda bai san shi ba: tambayoyi ake jero maka, ka amsa, sai a saka ka cikin ɗaya daga rukuni 16. Harafin farko E ne ko I, wato ko cikin jama'a kake samun kuzari ko sai ka keɓe kai kaɗai. Na biyu S ko N, ko ka fi riƙo da abin da ido ya gani hannu ya taɓa, ko ka fi bin ma'anar da ke bayan abu da hangen gaba. Na uku T ko F, in za ka yanke hukunci lissafi kake sa wa gaba ko halin da mutane za su shiga. Na ƙarshe J ko P, mai tsara komai tun da wuri ko mai bari abu ya zo sannan ya ga yadda za a yi.

Ni abin da ya fi yi min daɗi shi ne auna mutanen cikin shirye-shiryen da muke kallo. A nawa ganin Umar Hashim na Izzar So INFJ ne, ba tantama. Ba shi da hayaniya, yana karantar mutum tun kafin ya buɗe baki, kuma kullum burinsa ya gyara wanda ke gabansa ko da shi ne mai cutar da shi. Hajiya Nafisa ta cikin shirin ENTJ ce. Kamaye na Daɗin Kowa kuwa ESFP. Wa ya yarda, wa yake da ja?

Dan_Kusugu
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ina da ja a kan Umar Hashim. INFJ mutum ne mai fito da sabuwar hanya daga kanshi. Umar Hashim ba ya ƙirƙira, abin da aka koya mashi yake bi sau da ƙafa: riƙon amana, tsayawa a kan aiki, aya da hadisi a bakinshi duk inda magana ta juya. Irin mutumin da in ka ba shi ajiyar naira ɗaya zai dawo maka da ita har da lissafinta a rubuce. Wannan ISTJ ne. Ki sake kallo da kyau.

Ummi_KofarSauri
Yaya, ISTJ zai tsaya a kan doka ko da mutum zai karye. Umar Hashim yafewa yake yi a inda yake da damar ramawa. F ne wannan, ba T ba.

Zee_Yammawa
ISFJ na ba shi. Riƙon tarbiyya daga S, tausayi daga F. Ya haɗa abin da ku biyu kuke faɗa.

Maman_Hassana
Ni ban iya haruffan nan naku ba, amma tun 2020 da aka fara shirin nake kallo, ni da yara a waya ɗaya bayan sallar isha'i. Abin da zan ce shi ne, Umar Hashim ba irin mutumin da ake gamuwa da shi a kasuwa ba ne. Wa'azi ne aka sa wa riga da hula. An rubuta shi don uwa ta nuna wa ɗanta ta ce ka zama kamar wannan, kuma wallahi na yi hakan, ban ga laifinsa ba. Amma mutum na gaske yana da ranar da zai tashi da baƙin rai, ya daka wa ƙaninsa tsawa ba dalili, ya ji ƙyashi in abokinsa ya sayi mota, daga baya ya yi istigfari. Wanda aka cire wa duk wannan, me za ku auna a jikinsa? Ku auni Kamaye. Shi kam akwai irinsa a layinmu, har tafiyar.

Tela_KofarKaura
Maman Hassana ta faɗi gaskiya. A shagona talabijin tana saman kabad ɗin zare, ba a kashe ta in dai akwai wuta. Ƙafa na kan keke, ido na kan allura, kunne na wurin Daɗin Kowa, haka muka yi shekaru da yaran shago. Har mun san muryar kowa ba sai mun ɗaga kai ba. In Kamaye ya fara magana, yaron da ke guga sai ya ajiye dutsen a tsaye, don ya san zai yi dariya ya ƙone shaddar mutane.

Amma Ummi, ban yarda a ce wai halin Kamaye ke nan tun haihuwa ba. Babu ce take juya shi. Duk 'yan dabarun nan da kame-kamen da yake yi, na ga magidanta masu mutunci sun yi su a ƙarshen wata, a nan bakin shagona, suna so a ba su ɗinkin yara bashi. Ki ba Kamaye albashin da zai ishe shi shekara biyu, sannan ki dawo ki auna shi. Ina jin wani harafi za ki samu.

Ummi_KofarSauri
Baba Tela, ai mutum biyu suna shiga babu iri ɗaya, ɗaya ya yi shiru ya shige ɗaki, ɗaya ya fita yana zuba da kowa. Wannan bambancin nake nufi.

Malam_Bala_Rafindadi
Ni tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ɗauke ta da zafi. Me ya raba wannan da abin da masu taurari suke yi? Da can a bayan jaridu ana buga cewa wanda aka haifa a wata kaza halinsa kaza ne, mace kaza ce za ta dace da shi. Malamanmu suka hana mu. Yanzu ga shi an zo da haruffa, na ji yaro a gidana yana cewa shi kaza ne, don haka ba zai iya shiri da ɗan'uwansa ba. Ina tsoron kada a ce tsohon abu ne ya sake suna ya dawo ta waya.

Abu_Safwan
Malam Bala, Allah ya saka da alheri, tsoronka yana bisa hanya. Sai dai akwai bambanci a tushe. Mai taurari cewa yake ranar haihuwarka da tauraron da ya fito su suka tsara halinka, har ya faɗa maka abin da zai same ka gobe. Wannan da'awar sanin gaibu ce. Shi kuwa gwajin nan, kai ne kake ba da labarin kanka, shi ya tattara ya maido maka. Bai san komai ba sai abin da ka gaya masa.

Batun cewa mutane sun bambanta a ɗabi'a kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratul Isra'i, aya ta 84, Allah ya ce kowa yana aiki ne a kan yanayin da yake kai. Annabi (SAW) ya ce mutane ma'adinai ne kamar ma'adinan zinariya da azurfa. Ya kuma gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. Ga Sayyidina Abubakar ga Sayyidina Umar, ɗaya an san shi da taushi ɗaya da tsanani, kuma dukkansu a kan gaskiya.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne abin da yaronka ya faɗa. In mutum ya mai da harafi uzuri, ya ce ni haka aka yi ni, ba zan gaishe da kowa ba, ba zan yi zumunci ba, to ya ɓata. Ana umartar mu da gyaran hali, da ba ya gyaruwa da ba a umarce mu ba. A kan mutanen cikin shiri dai ban ga matsala ba, tunda babu wanda aka ci namansa.

Dan_Bakori
Sharaɗi ɗaya, Malam Abu Safwan: a bambance jarumi da rawar da ya taka. Lawan Ahmad ɗan jiharmu ta Katsina ne, mutumin Bakori, shi ke fitowa a Umar Hashim. In kun ce Umar Hashim kaza ne, to Umar Hashim kuke nufi. Mutanenmu ba su iya raba biyun nan ba. Wanda ya fito a mugu sai a riƙa zaginsa a hanya, wadda ta fito a mai girman kai sai a ce haka take a gidansu.

Malam_Bala_Rafindadi
Na gode Abu Safwan. Na fahimci bambancin, amma hankalina bai kwanta duka ba. Yaro ba ya tsayawa inda malami ya ja layi.

Malama_Rabi_Ilimi
Barkanku. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga ɗaliban koyon malanta, kuma duk shekara sai wannan maganar ta shigo aji, don haka bari in ɗan faɗaɗa.

Asalin abin daga wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, wanda ya fitar da littafi a kan nau'o'in halin mutane a 1921. Wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers, su suka ɗauki ra'ayinsa suka mai da shi tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da nufin taimaka wa matan da suka fito aiki su sami aikin da ya dace da su. Littafin jagorar gwajin ya fito a 1962. Daga uwar har 'yar babu wadda ta yi digiri a wannan fanni: uwar aikin gona ta karanta, 'yar kuma kimiyyar siyasa. Wani abu da zai yi wa Ummi daɗi: ita Isabel marubuciyar labari ce kafin gwajin, har ta ci gasa da wani labarin binciken kisan kai da ta rubuta. Ina ganin shi ya sa rukunan nan 16 suke zama daram a kan mutanen cikin labari fiye da yadda suke zama a kanmu.

Matsalarsa a wurin masana ita ce yana tsaga mutane biyu a inda babu tsagi. Mafi yawanmu a tsakiya muke, ba can ƙarshen E ba, ba can ƙarshen I ba. Wanda ya ɗan haura tsakiya da maki kaɗan sai a ce masa E, wanda ya ɗan gaza a ce masa I, alhali su biyun sun fi kama da juna fiye da kowa. Shi ya sa in mutane suka sake gwajin bayan 'yan makonni, da yawa sai harafi ɗaya ko fiye ya canza. Jung da kansa ya ce babu mutumin da yake tsantsar wannan ko tsantsar wancan. Masu bincike a yau sun fi aiki da ma'auni biyar: buɗaɗɗen tunani, tsari da kula da aiki, son cuɗanya, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. Kowanne a kan mizani ake auna shi, kaɗan ko da yawa, ba akwati ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya shafi tambayar Malam Bala. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowa takarda ya ce ga bayanin halinka. Ya ce su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin. Maganganu ne irin su kana so mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar hukuncin da ka yanke. Wa zai ce ba shi ba ne? Don haka in kin karanta bayanin INFJ kika ji kamar Umar Hashim ake faɗa, karanta na ISFJ ma kafin ki rantse.

Ummi_KofarSauri
Malama, na gode sosai, na ƙaru. Amma ko da akwatin bai cika daidai ba, ni dai ya sa na fara lura da dalilin da ya sa mutum yake yin abu, ba abin da ya yi kawai ba. Da can in na ga Hajiya Nafisa sai in ce muguwa, shi ke nan. Yanzu ina tambayar kaina me take tsoro.

Malama_Rabi_Ilimi
Wannan tambayar taki ta fi haruffan amfani, Ummi. Riƙe ta.

Hajiyar_Layout
'Ya'yana, bari in sa baki a kan E da I ɗin nan, don shi kaɗai na gane sosai. Ku da kuke auna matan cikin fim, da me kuke aunawa? Yarinya ta shigo falo ta durƙusa, kanta a ƙasa, tana wasa da gefen mayafi, a tambaye ta ta ce "eh" a ciki-ciki. Sai ku ce I ce, ba ta son magana. Ku bi ta ɗakin ƙawayenta ku ji.

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a nan cikin birni, gidan gandu ne, uwar mijina tana zaune a tsakar gida kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. In zan wuce sai na cire takalmi na riƙe a hannu. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba har yau da yake da nasa 'ya'yan. Dangin mijina suka yi ta cewa an kawo masu amarya salaha, ko muryarta ba a ji. A gidanmu kuwa ni ce ake cewa don Allah ki yi shiru mu ji labarai a rediyo. To wace ce ni a cikin biyun? Kunya da kawaici tarbiyya ce, ana koya wa mai surutu ana koya wa mai shiru, kuma a gaban manya duk kamarsu ɗaya. Wanda ya tsara tambayoyin nan bai zauna gidan surukai a Katsina ba.

Zee_Yammawa
Hajiya wallahi kin taɓo ni. Akwai tambaya a gwajin wai ko kana jin daɗin fara yi wa baƙo magana. Na rasa me zan amsa. Baƙo namiji ko mace? Babba ko sa'ana? A gidan biki ko a motar haya? Kowanne amsarsa daban.

Dan_Kusugu
To ai wannan ya ƙara ƙarfafa maganata. Ladabin Umar Hashim da kuke kira tausayin F, tarbiyya ce. Ɗan malamai ko T ne ko F haka zai yi magana.

Mai_Alkalami_Daura
Na ɗan taɓa rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, bari in faɗa maku yadda abin yake ta ciki. Marubuci ba ya zama ya ce wannan INFJ zan yi. Abin da muke rubutawa a saman takarda shi ne: me yake so, me ke tare masa hanya, me zai iya yi da ba zai so a sani ba. Daga nan sai buƙatar labari ta karɓi ragama. In ana so kashi na gaba ya yi zafi, mai haƙurin nan dole ya yi fushi ranar, ko ya dace da shi ko bai dace ba. In jarumi ya yi tafiya ba a same shi ba, sai a ɗauki maganarsa a sa a bakin wani. In masu kallo a YouTube suka cika wurin sharhi da cewa suna son wance, sai a ƙara mata fitowa, a sassauta mata hali don kada a tsane ta.

Shiri mai dogon zango ya fi fama da wannan. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya ba da jimawa ba, ku lissafa shekarun. Hannu nawa ne ya rubuta mutum ɗaya a tsawon wannan lokaci? Ga Labarina na Aminu Saira: Sumayya da Nafisa Abdullahi ta fara, daga baya Fati Washa ta karɓa. Suna ɗaya, labari ɗaya, amma yadda ake ɗaga ido, yadda ake yin shiru kafin a ba da amsa, yadda ake kuka, duk sun canza, don jiki biyu ne. Wace Sumayyar za ku ba harafi?

Ban ce a daina ba. Ni in na ga masu kallo suna musu a kan halin wanda na rubuta, daɗi nake ji, alama ce ya rayu. Wanda kowa ya yarda da harafinsa nan take, yawanci shi ne wanda ba a wahala wajen rubuta shi ba.

Sadiq_Jibia
Ku kuna wasa da shi a kan 'yan fim, ni a kaina aka yi. Na nemi aiki a wani kamfani a Abuja, na ci jarrabawar rubutu, aka kira mu aka ba mu irin tambayoyin nan a kwamfuta. Matar da ta yi min intabiyu ta dubi takardar ta ce aikin na hulɗa da jama'a ne, ni kuma sakamakona ya nuna mai son kaɗaici ne. Ni da na tashi a rumfar babana a kasuwar Jibiya, ina ciniki da mutanen Maraɗi tun ina firamare! Ba a sake kirana ba. Har yau abin yana yi min ciwo.

Malama_Rabi_Ilimi
Allah ya musanya maka da mafi alheri, Sadiq. Ba daidai aka yi maka ba. Su kansu masu gwajin sun ce bai halatta a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ko tace su ba.

Hajiyar_Layout
Amin. Rabonka ba ya can ne, ɗana.

Alhaji_Baba_Daura
Jikana ya nuna mani wannan hira, na ce a ba ni wayar. Rabe-raben hali ba yau aka fara ba. A littattafan ɗibbu da muka gani wurin iyayenmu, ɗabi'a huɗu ake kasa mutane: mai rinjayen jini, mai balgamu, mai safra'u, mai sauda'u. Daga likitocin Girka abin ya taso, malaman Musulunci irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, suka faɗaɗa shi. Ana cewa mai safra'u saurin fushi gare shi, mai balgamu sanyin jiki, mai jini fara'a, mai sauda'u yawan tunani. Likitocin yau sun bar wannan, amma ku ga dai huɗu ne suka zama 16.

Abin da na lura, duk haruffan nan naku babu wanda ya ce wane mutumin kirki ne ko ba na kirki ba. Mu kuwa da shi muke fara auna mutum. Wani Bature, Kirk-Greene, da ya yi aikin mulki a Arewa, ya yi rubutu a 1974 a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Bai ƙirƙiro ba, a bakin mutanenmu ya ji. In za a ba mutum 'ya, wannan ake tambaya a unguwarsu. Masu shirya fim ɗinmu ma da wannan suke gina mutanensu, shi ya sa kuke wahala wajen cusa su cikin ma'aunin wasu.

Abu_Safwan
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Ummi_KofarSauri
Amin. Baba, na ji, kuma gaskiya ne gwajin bai auna kirki. Amma ina ganin ba kishiyoyi ba ne. Mutum biyu duk masu amana, ɗaya mai raha ɗaya mai ɗaure fuska. Ma'aunin Baba ya ce duka na kirki ne, nawa ya faɗi yadda zama da kowannensu zai kasance.

Auta_Shadambu
Tunda an koma tsohon zamani, Gizo fa? Ni ENTP na ba shi. Dabara a kan dabara, ba ya gama ɗaya ya fara wata, kuma bakinsa ke fitar da shi ke jefa shi. Ƙoƙi ISFJ, ita ke gyara ɓarnar.

Mai_Alkalami_Daura
Auta, Gizo ya fi duk waɗanda aka ambata sauƙin aunawa, don kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba da labarinsa ba su canza masa hali ba ko sau ɗaya. Yaro yana jin an ce Gizo ya san za a yi cuta, ya san kuma za ta koma kansa. Wannan amfanin tsayayyen hali ne a tatsuniya. Shirin zamani kuwa canzawar ake saye.

Bash_Kwado
Ku dawo kan talabijin. Ba wanda ya taɓo Kwana Casa'in. Gwamna Bawa Maikada na Alfawa, wanda Sani Mu'azu ya fito, shi ne ENTJ na gaske, ba Hajiya Nafisa ba. Mutum ne mai shirya abu tun daga nesa, yana ajiye kowa a inda zai yi masa amfani. Nafisa izza ce ta 'yar masu kuɗi, ba tsari ba. Da ta sauko ai kun ga zuciya ce ke jan ta tun farko.

Zee_Yammawa
Na yarda da Bash. Nafisa F ce da ta sa rigar T.

Malama_Rabi_Ilimi
Ku lura da wani abu da muke yi a nan ba mu sani ba. Duk mai mulki ko mugu mun ba shi T da J, duk wanda muke so mun ba shi F. A tsarin gwajin kansa T ba mugunta ba ce, F ba kirki ba ce. Alƙali mai adalci yana iya zama T, mai hassada yana iya zama F. Mun koma ma'aunin Alhaji Baba, sai dai da haruffan Turawa muke rubuta shi.

Dan_Kusugu
Madalla, Malama. Shi ya sa Ummi ta ƙi ba Umar Hashim T, tana ganin kamar zagi ne.

Ummi_KofarSauri
A'a Yaya, ba don haka ba ne. Ka nuna min wuri ɗaya da ya zaɓi ƙa'ida a kan mutum, ni kuma in nuna maka wuraren da ya zaɓi mutum. In ka kawo, zan karɓa.

Dan_Kusugu
Duk inda ya ƙi cin haram alhali na kusa da shi suna cikin buƙata, ƙa'ida ya zaɓa.

Abu_Safwan
Wannan tsoron Allah ne, Dan Kusugu. Bai shiga T ba, bai shiga F ba.

Bash_Kwado
Ga wata kuma: Mainasara a Labarina, mai kuɗin da ya ɓoye dukiyarsa ya fito a talaka. Wanda yake wasan kwaikwayo a cikin wasan kwaikwayo, wane hali za a auna, na gaskiyar ko na aron? Ni ina ganin yanke shawarar ɓoyewar ita ce halin. Sai mai dogon lissafi da rashin yarda da mutane zai iya. INTJ.

Auta_Shadambu
Masu kallon Ertugrul, shirin nan na Turkiyya, fa? Bamsi ESFP ne ko makaho ya shafa ya ji, ga ci ga dariya ga takubba biyu. Turgut ISTP, gatarinsa ke magana.

Tela_KofarKaura
Auta, ka ba Bamsi harafin da Ummi ta ba Kamaye. Jarumin yaƙi da Kamaye akwati ɗaya? Malama, ki duba mana wannan.

Malama_Rabi_Ilimi
Baba Tela, abin da nake faɗa ke nan. Akwati 16 ne kawai, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8.

Maman_Hassana
Kun yi ta Kamaye kun manta da Adama matarsa. Na san za ku ce mafaɗaciya ce mai son abin duniya, ku ba ta harafin masu tsanani. Ni ban ga haka ba. Macen da za ta wayi gari ba ta san me za a ɗora a murhu ba, yara suna kallonta, maigidan ya fita da labari ya dawo da labari, in ba ta ɗaga murya ba wa zai ɗaga? Na ga mata masu sanyi kamar me, aure ya mai da su haka cikin 'yan shekaru. Ummi, ke da kika iya lissafin, gaya min: macen da take faɗa don 'ya'yanta su ci, T ce ko F?